Ɗanmu ya zo hutu daga Faransa: sai ya nuna kuɗi kafin ya koma?

A garuruwanmu akwai gidajen da ke da ɗa ko ɗiya a Faransa. Wani karatu ya kai shi, wani aiki, wata kuma aure. In damina ta faɗi, makarantun can sun tashi hutu, sai ka ga wasunsu sun zo ganin gida. Ana murna, ana yanka kaji. Amma da ranar komawa ta matso, sai magana ta tashi a fada ko a bakin kasuwa: wai yanzu Turawa ba su barin kowa ya shiga ƙasarsu sai ya nuna miliyoyi a hannu.

Mu ɗauki misali. Wani dattijo ne, manomi, a ƙasar Tasawa. Ɗansa na karatu a Faransa shekara biyu ke nan, ya zo hutu. Dattijo ya ji wagga magana, bai yi barci ba. Da safe ya kira yaron ya ce mishi:

"Kai, an ce mini sai da kuɗi a aljihu za su bar ka ka koma. In haka ne, gobe kasuwa, sai in kai shanun noma in saida."

Yaron ya ce: "Baba, dakanta tukuna. Kada ka taɓa shanun nan. Bari in ɗauko takarduna mu duba."

Yaron na da gaskiya. Ana tambayar kuɗi, wannan ba ƙarya ba ce. Amma ba kowa ake tambaya ba, kuma ba a kowace ƙofa ba. Wanda bai san ƙofar da ake tambaya ba, sai ya saida dukiyarsa a banza.

Biza iri biyu ce

Biza izini ce ta shiga ƙasar wasu. Ana manna ta cikin fasfo. Mu nan mun saba, mutum ya tashi daga Maraɗi ya sauka Katsina ko Kano, ba mai ce mishi nuna abin da za ka ci. Turai ba haka take ba.

Faransa na cikin wata ƙungiya ta ƙasashen Turai da suka haɗa iyaka guda. Ana ce da ita Shengen, sunan wani ƙaramin gari ne a ƙasar Luksambur inda aka sa hannu kan yarjejeniyar a 1985. A 2025 ƙasashe 29 ne a ciki. In ka shiga ɗaya, kamar ka shiga zauren gida ne: an duba ka a ƙofa, sauran ɗakuna na ciki.

Biza ta farko ita ce ta baƙunci. Ba ta wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ita ce ta mai zuwa ziyara, ko fatauci, ko taro.

Ta biyu ita ce ta dogon zama, ta wanda zai yi fiye da wata 3. Ita ce ta ɗalibi, da ma'aikaci, da matar da za ta iske mijinta. Tun 2009, mafi yawan irin wagga biza na tsayawa a matsayin katin zama har shekara guda. In ta kusa ƙarewa, sai mutum ya nemi katin zama na sosai a ofishin parfe na garin da yake zaune. A kan katin, da Faransanci, an rubuta "titre de séjour". Ku riƙe waɗannan kalmomi uku, don ku gane katin in kun gan shi.

Inda maganar kasuwa ta samo tushe

Maganar da dattijo ya ji ba daga sama ta faɗo ba. Ta mai bizar baƙunci ce. Shi kam, ko da biza na cikin fasfonsa, ɗan sandan iyaka na da ikon tsai da shi a filin jirgi ya tambaye shi: ina za ka sauka, yaushe za ka koma, mi za ka ci?

Ga abin da Faransa ta yanka, yadda yake a 2024. Baƙon da ba shi da takardar otel, sai ya nuna yuro 120 na kowace rana. Mai takardar otel, yuro 65. Wanda wani mazaunin can ya ɗauki saukarsa, ya yi mishi takardar masauki a ofishin magajin gari, yuro 32 da rabi.

Mu yi lissafi tare. Yuro guda sefa 656 ne in an cika, wato dala 131 da tamma guda. To, yuro 120 ya kama kusan jika 79 a rana. Yuro 65, jika 42 da ƴan kai. Yuro 32 da rabi, jika 21 da ƴan kai. Wanda zai yi kwana 30 ba takardar otel, ba ta masauki, ana jiran ya nuna yuro 3.600, wato fiye da miliyon 2 da jika 300. Ga miliyoyin da ake faɗi a kasuwa. Ban da haka, sai ya riƙe tikitin komawa, da takardar asiransi ta rashin lafiya wadda ta kai yuro 30.000.

Saboda haka in uwar yaron nan ce za ta tafi ganin ɗanta na wata guda, wannan lissafi nata ne. Wanda ya kasa gamsar da ƴan sandan iyaka, ana iya hana shi shiga. A ajiye shi a wurin jira na filin jirgi, daga baya a sa shi jirgi ya koma inda ya fito. Kuɗin tikiti sun tafi ke nan.

Mai katin zama fa?

Shi lamarinsa dabam ne. Dokar Faransa ta ce baƙon da ke da katin zama, ana barinsa ya shiga in ya nuna abu biyu kawai: katin, da fasfo. Ba ta ce ya nuna kuɗi ba. Dalili a fili yake. Shi ba baƙon kwana biyu ba ne, gida zai koma. Kuma an riga an auna ƙarfinsa tun kafin a ba shi katin. Ana iya hana shi shiga ne in an kore shi daga ƙasar bisa hukunci, ko an ga barazana ce shi ga zaman lafiyar jama'a.

Ko da jirginsa bai sauka Faransa kai tsaye ba, ya fara sauka wata ƙasa ta Shengen kamar Beljik, dokarsu ta ce a bar shi ya ratsa ya isa ƙasar da ta ba shi katin. Amma a lura da wani abu. In yawo ya tafi yi a wata ƙasa ta Shengen, ba ratsawa ba, to can baƙo ne: kwana 90 gare shi, kuma ana iya tambayarsa abin da zai ci.

To, ɗan dattijon nan ba ya bukatar damin kuɗi a aljihu. Duk da haka ni shawarata, kada ya tafi hannu sake. Ɗan sanda mutum ne, yana iya yin tambaya. Yaro ya riƙe takardar makarantarsa ta shekarar, da takardar ɗakin da yake haya, da katin bankinsa, da ɗan abin shiga mota. Ya sa su cikin jakar hannu, ba cikin akwatin da ke bin bayan jirgi ba. Tambayar da za ta ci awa guda, takarda na kashe ta cikin minti biyu.

Ƙofofin da ake auna kuɗi

Ƙofa ta farko, ranar neman biza, tun mutum bai bar gida ba. Ɗalibi sai ya nuna yana da abin da zai riƙe shi kowane wata. Kafin 2011, yuro 430 ne. Daga 2011 har 2025, yuro 615 ne a wata, wato jika 403 da ƴan kai. In ka ninka sau 12, ya zama yuro 7.380, kusan miliyon 4 da jika 840. Gwamnatin can ke yanka wannan adadi, kuma tana iya ɗaga shi. Don haka duk shekara a sake tambaya, kada a dogara da abin da ɗan maƙwabci ya biya shekarun baya.

Akwai kuma bizar mai zaman kansa, wanda ya yi alkawarin ba zai yi aiki ba, kamar tsohon da zai zauna wajen ɗiyansa. Shi ana auna shi da albashi mafi ƙanƙanta na ƙasar. A ƙarshen 2024 ya kai yuro 1.426 a wata, jika 935 ke nan.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda iyaye suka fi mantawa da ita: ranar sabunta katin zama. Katin ba na har abada ba ne. In ya kusa ƙarewa, tsakanin wata 4 da wata 2 kafin ranar, sai a shigar da takardun sabuntawa, yanzu galibi ta intanet. A nan ofishin parfe zai sake tambaya: da mi kake rayuwa? Ɗalibi kuma za a duba ko yana zuwa aji, ko yana zaman jarrabawa.

A wagga ƙofa ba tsabar kuɗi ake so ba. Sawun kuɗi ake so. Bature bai damu da damin da ke aljihunka ba, don bai san ko naka ne ko na aro ba. Takarda yake nema wadda ke cewa: kuɗin nan daga wurin wane suke fitowa, suna shigowa kowane wata.

Wace takarda ce ke nuna haka? Mai burs, takardar burs ɗinsa. A ƙasarmu hukumar ANAB ce ke kula da burs na ɗalibai. Wanda iyaye ke riƙe da shi, takardar banki mai nuna abin da ya shiga asusunsa da abin da ya fita cikin watannin baya, ko takardar da bankin uban ya yi cewa zai riƙa tura kaza kowane wata. Wanda kawu ko yaya ya ɗauki nauyinsa, sai mai ɗaukar nauyin ya rubuta ya sa hannu, ya haɗa da takardun albashinsa da na lanho. Ɗalibin da ke taɓa ɗan aiki, takardun albashinsa. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki har awa 964 a shekara.

A nan ne al'adarmu ke cutar ɗiyanmu ba mu sani ba. Mu mun saba da saƙon hannu. Alhaji wane zai tafi, a ba shi ya kai ma yaro. Ko a ba ɗan kasuwa sefa a Damagaram, abokinsa ya ba yaro yuro a Pari. Kuɗi sun isa lafiya, amana ta cika, Allah ya saka. Amma ba su bar sawu ba. Uba ya yi shekara yana ɗawainiya, ranar sabuntawa asusun yaro ya nuna kamar ba mai aiko mishi ko dala. Sai ya shiga neman mai tsaya mishi cikin gaggawa.

Magani ba wuya. Duk abin da za a aika, a bi da shi ta banki ko ta kamfanin aika kuɗi mai ba da rasit. A ajiye rasit ɗin cikin leda, wuri guda, kamar yadda ake ajiye takardar gona. In dole ta sa an yi saƙon hannu, yaro ya kai kuɗin asusunsa. Kuma jika 400 kowane wata sun fi miliyon 5 da suka faɗo rana guda kyau a idon mai dubawa.

Wannan ya kawo mu ga wata dabara da ake yi. A aro kuɗi wajen ɗan kasuwa, a zuba a asusu, a fiddo takarda, washegari a maida ma mai su. Wasu har lada suke biya. Ni ban ga wayo a nan ba. Mai duba takardu ya ga asusun da ya yi wata da watanni ba kome, dare ɗaya ya cika, ya san abin da aka yi. Ko ma an wuce, yaron da aka tura ba shi da abin haya, ga sanyi, ga karatu. Kuɗin da aka nuna ba su ne za su ciyar da shi ba. Takardar banki ta jabu kuwa laifi ce babba: ana iya ƙwace katin, a kuma kai mutum gaban shari'a.

Abin da ke hana komawa da gaske

Yawancin waɗanda suka zo gida suka maƙale, ba rashin kuɗi ya tsai da su ba. Takarda ce.

Na farko, sabon zuwa. Wanda ya shiga Faransa da bizar da ke tsayawa a matsayin katin zama, dole ya tabbatar da ita cikin wata 3 da isarsa. Tun 2019 ta intanet ake yi, a biya kuɗin tambur. Cikin watannin nan 3 yana iya fita ya dawo. In sun wuce bai tabbatar ba, zamansa ya fita daga ƙa'ida. In ya zo gida a haka, sai ya nemi sabuwar biza. Yaro ya isa, ya ruɗe da neman ɗaki da rajistar makaranta, ya manta. Ku iyaye, in kuna magana da shi ta salula a watan farko, ku tambaye shi: "Ka tabbatar da bizarka?"

Na biyu, mai jiran kati. Tsakanin shigar da takardu da fitowar kati, ana ba mutum takardar wucin gadi. Suna da iri iri, kuma ba duka ke buɗe iyaka ba. Takardar da ke cewa kawai an karɓi takardunka, ba ta isa a yi tafiya da ita ba. Ta wanda ke neman kati karo na farko, ita ma ba ta ba shi damar dawowa. Ta mai sabuntawa tana bayarwa, in an haɗa ta da tsohon katin, kuma ita kanta ba ta ƙare ba. Wannan ya fi faruwa lokacin rasuwa. An bugo waya tsohuwa ta cika, yaro ya sayi tikiti cikin kuka, bai duba abin da ke hannunsa ba. Ya zo ya yi gaisuwa, hanya ta rufe. Abu ne mai zafi a ce ma mutum ya tsaya karanta takarda a irin wannan rana. Amma ya karanta, ko ya tambayi ofishin parfe, kafin ya hau jirgi.

Na uku, katin da ya ɓace ko ya ƙare mutum na gida. A aljihun riga aka wanke shi, ko ɓarawo ya ɗauke a tasha. Mai shi ya fara zuwa komisariya ya yi takardar ɓata. Sannan ya nemi wata biza ta musamman da ake ce ma bizar komawa. Ba rana guda take fita ba, don sai an tambayi ofishin parfe na can. A da, Yamai ake zuwa. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 dangantaka ta ɓaci, kuma a watan Janairu 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai, ta ce ofisoshinta na ƙasashen yankin za su riƙe aikin. Wanda katinsa ya ɓace a Tawa, tafiya wata ƙasa ta kama shi, da kuɗin mota, da masauki, da jira. In akwai wurin da shanun dattijo za su iya tafiya, to nan ne. Shi ya sa in yaro ya iso gida, a sa fasfo da kati cikin akwati a kulle. Ya ɗauki hotonsu gaba da baya ya ajiye a salula. Ba a yawon gaisuwa da su.

Ko mai babban kati na shekara 10, in ya zauna wajen Faransa fiye da shekara 3 a jere, katin ya mutu, ko da ranar da ke kansa ba ta cika ba.

Kada kuma mutum ya ce bari in je, in na isa can na yi musu bayani. Ba zai ma isa ba. Tun a filin jirgin tashi ma'aikatan kamfanin jirgi ke duba takardu, don in suka kai wanda ba shi da izini, Faransa na iya cin su tara har yuro 10.000, kuma su za su maido shi.

In dai za a ɗauki tsaba

Wani zai ce, to ni dai ina so ɗana ya tafi da kuɗin shekara a hannu. Ba a hana ba. Amma wanda zai shiga Turai da yuro 10.000 ko fiye, ko kwatankwacinsu a wani kuɗi, wato kimanin miliyon 6 da jika 560, dole ya gaya ma ƴan duwan ya cika takarda. Faɗin ba a biyan kome a kansa. Ɓoyewar ce ke jawo tara, har a riƙe kuɗin. Wajen fita ma ƙasarmu na da tata ƙa'ida kan kuɗin waje, sai a tambayi banki kafin ranar tafiya.

Mu koma gidan dattijo. Yaron ya ɗauko katin ya miƙa mishi. Dattijo ɗan ajin yaƙi da jahilci ne kamar ku, ya iya lambobi. Yaron ya nuna mishi wurin da aka rubuta ranar ƙarewa, ya ce:

"Baba, lambar farko rana ce, ta biyu wata, ta uku shekara."

Dattijo ya bi da yatsa a hankali: 31, sai 12. Ya ƙirga watanni a hannu ya ce: "Disamba ke nan. Kai kuma farkon Satumba za ka tahi."

"Haka ne, Baba. Da na isa zan shigar da takardun sabuntawa."

Suka duba fasfo, shi ma da sauransa. Dattijo ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce: "To, kuɗin da nike ba Alhaji ya kai maka fa?"

"Su ne ba su da takarda, Baba."

Dattijo ya kira ƙanen yaron ya ce ya maida shanu gona. Ranar kasuwa suka shiga mota su biyu zuwa Maraɗi, wajen banki, da katin ɗan ƙasa na dattijo cikin leda.